Kwandon shara ko gogewa gaba ɗaya: wanne ya kamata hannu ya saba da shi?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah ina da tambaya, kada a yi mini dariya. Laftof ɗina ta cika, har jan layi take nunawa a ƙarƙashin C. Na zauna na goge bidiyoyi da tsofaffin hotuna masu yawa, na koma na duba, jan layin ko gezau bai yi ba. Ƙanina ya ce wai danna Delete kaɗai wasan yara ne, in riƙa haɗawa da Shift. Haka ne? In kuwa haka ne, mene ne amfanin Delete ɗin tun farko?

Auta: Wa'alaikumussalam Anti. Kayan suna nan a kwandon shara, shi ya sa. Duba kan allo za ki ga hoton kwando, an rubuta Recycle Bin a ƙasansa. Ki buɗe ki leƙa tukuna, in kin tabbatar babu abin da kike so, sai ki kwashe shi. Nan take jan layin zai ja baya.

Sarkin Sauri: Hajiya, ƙaninki ya gama magana. Ni ban ga dalilin yin aiki ɗaya sau biyu ba. Abin da na ce ba na so, ba na so ke nan. Shift da Delete, ta tambaye ni ko na tabbata, in ce e, an wuce wurin. Kwandona kullum fayau yake.

Injiniya: Sarki, tsaya mu warware abin kafin ka ɗora baiwar Allah a kan hanyar da za ta sa ta kuka wata rana.

Hajiya, in kin danna Delete, fayil ɗin bai bar faifai ba. Windows tana da wata ɓoyayyar folda a kowane ɓangare na faifai, sunanta $Recycle.Bin. Sai ta sauya wa fayil ɗinki suna zuwa wani mai farawa da $R ta sa shi a can, ta kuma rubuta wani ɗan mitsitsin fayil mai farawa da $I. Wannan ƙaramin shi ke riƙe da sunan asali, da foldar da aka ɗauko shi, da girmansa, da lokacin da aka goge shi. Da shi take gane inda za ta mayar da kayanki in kin ce a dawo da su. Kin lura bidiyo mai giga goma yakan faɗa kwando cikin ƙiftawar ido? Ai don babu abin da aka kwafa ne, adireshi kawai aka sauya. Shi ya sa ko mega ɗaya ba ki samu ba.

Amfaninsa kuwa, hannu ya fi tunani sauri. An yi kwandon ne domin ranar da mutum ya zaɓi folda biyu yana zaton ɗaya ya zaɓa.

Sarkin Sauri: To ai shi ya sa take tambaya kafin ta goge, Injiniya. Wanda aka tambaya ya ce e, sai ya kuka da kansa.

Malamin Lissafi: Tambayar da ka gani sau dubu ta daina zama tambaya, Sarki. Yatsanka ya riga ya haddace: Shift, Delete, Enter. Kafin ido ya karanta sunan fayil ɗin an gama. Su kansu Microsoft tun daga Windows 8 suka kashe wannan tambayar ga Delete na yau da kullum, sai wanda ya ga dama ya kunna da kansa, domin kwando ya fi tambaya tsare mutum. Sannan ga Ctrl da Z. In ka aika abu kwando bisa kuskure, ka danna su nan take zai dawo mazauninsa. Ka gwada bayan Shift da Delete ka ba mu labari.

Ɗan Linux: Ku aƙalla ana tambayarku. Mu masu tsarin Linux in ka rubuta umarnin gogewa rm a baƙin allon da ake rubuta umarni ka danna Enter, babu tambaya babu kwando, ko sallama ba ta yi maka. Haka umarnin del yake a Windows ma, bai san da zaman wani kwando ba.

A 1998 irin wannan umarni ya kusa tashin wani fim sukutum a kamfanin Pixar. Wani ya sake shi a kan babbar foldar aikin, suna kallo kayan suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, kafin a cire wa na'urar wuta kusan kashi 90 cikin 100 sun tafi. Da aka je ɗauko kwafin ajiya sai aka tarar shi ma ba lafiya ba. Abin da ya cece su, wata babbar ma'aikaciyarsu ta haihu tana aiki daga gida, akwai kwafi a kwamfutarta. Waɗannan fa gwanaye ne, ba irinmu ba. Ni dai in abu yana da muhimmanci gio trash nake rubutawa maimakon rm, ya tafi kwando kamar kowa.

Auta: Ɗan Linux ba ya taɓa shiga magana bai tallata baƙin allonsa ba 😂

Baba Mai Ritaya: Yara, ku bar ni in sa baki. Mu da muka yi aiki da DOS, tsarin da ake amfani da shi kafin Windows, babu wani kwando. Masu Apple ne suka riga kowa, tun na'urarsu Lisa ta 1983 da Macintosh ta 1984 akwai hoton kwando a kan allo. Mu sai da Windows 95 ta zo muka gan shi. Kafin nan in ka goge wasiƙa, sai ka rubuta UNDELETE, ta kawo maka sunan fayil ɗin amma babu harafin farko, ta ce kai ka cika. Ka cika, wasiƙa ta dawo daram. A lokacin mamaki yake ba ni: in har an goge, daga ina ta dawo?

Injiniya: Baba, Allah ya ƙara lafiya, tambayar da kuka yi ita ce gindin maganar. A tsarin jera fayiloli a faifai na wancan zamanin, mai suna FAT, gogewa ba komai ba ce illa sauya harafin farko na sunan da wata alama mai nufin "wurin nan babu kowa", sannan a saki gurbin da fayil ɗin yake ciki. Shi ya sa take neman ku cika harafin. Tsarin NTFS na yanzu ya fi wancan ƙwarewa, amma dabarar ɗaya ce: a yi wa shigarwar fayil ɗin alamar an daina amfani da ita, a rubuta cewa gurbinsa fili ne.

Sarkin Sauri: To bari in faɗi ainihin dalilina tunda an taru a kaina. Ba ni kaɗai nake taɓa kwamfutar nan ba. Akwai takardun banki, akwai hotunan iyali. Ba na son wani ya buɗe kwando ya ga abin da na jefar. Shift da Delete sirri ne.

Mai Gyara: Yawwa, nan nake jiranka Yallaɓai. Rabin gaskiya ce. Daga yaron da zai buɗe kwando don tsokana, e, ka ɓoye. Daga wanda ya san abin da yake yi, ba ka ɓoye komai ba. Kamar malami ne ya soke sunan ɗalibi daga rajista: a takarda babu shi, amma yana nan zaune a kan bencinsa har ranar da aka kawo wani aka ce ya zauna a wurin. A faifai mai juyawa, wato HDD, fayil ɗin da aka goge yana nan kwance sai ranar da sabon abu ya hau kansa. Yana iya zama yau, yana iya kai shekara, musamman in faifan yana da fili da yawa. Manhajojin dawo da abin da aka goge irin su Recuva da PhotoRec kyauta ake sauke su, kuma ba sai mutum ya yi digiri ba.

Kwashe kwando da Shift da Delete duk abu ɗaya suke yi a ƙarƙashi. Babu wanda ya fi wani "gogewa". Don haka a ganina Shift da Delete ya haɗa maka asara biyu: ya rufe maka hanya mai sauƙi ta dawo da kayanka, bai kuma rufe wa mai bincike tasa hanyar ba.

Sarkin Sauri: Kai Mai Gyara, ka fiye tsoratarwa. Tawa SSD ce, faifan zamani da ba ya juyawa.

Mai Gyara: In SSD ce magana ta sauya, na yarda. Tun Windows 7 akwai umarnin da ake kira TRIM. Da zarar an goge fayil gaba ɗaya, Windows takan sanar da SSD cewa waɗannan guraben ba a bukatarsu, ita kuma ta share su a lokacin da ta ga dama, sau da yawa ba da jimawa ba. Bayan nan ko manhaja ta nuno maka sunan fayil ɗin, ka buɗe sai ka tarar fanko. To amma ka ga wannan ya ƙara wa hujjata ƙarfi ne ta ɗaya gefen: a SSD kuskuren Shift da Delete kusan ba shi da magani. A da in an kawo mini irin wannan ina cewa a bar mini ita zuwa gobe. Yanzu tambayata ta farko ita ce wane irin faifai ne a ciki, in aka ce SSD sai in fara ba da haƙuri.

Injiniya: Kuma kada a ɗauki TRIM a matsayin tabbacin sirri. SSD tana yawo da bayanai tsakanin ƙwayoyinta don kada wasu su riga wasu gajiya, tana kuma da wani fili na ajiye wanda kwamfuta ba ta gani. Saboda haka ba ka da ikon cewa wannan fayil ɗin takamaimai ya shafe ko'ina. Apple da kansu suna da wani zaɓi na kwashe kwando tare da murje bayanan, suka cire shi a 2015 a sigar tsarin Mac mai suna El Capitan, domin ba za su iya ba da tabbacin yana aiki a kan irin wannan faifan ba.

Anti Sakatariya: Ni kuwa duk kun rikita ni. Kwandon nan ni wurin ajiyata ne. Duk takardar da na gama da ita amma ina jin wata rana oga zai nema, can nake turawa. Ya fi mini sauƙi, danna ɗaya ne, kuma allo ya yi tsaf. Akwai na shekarar da ta wuce ma a ciki.

Auta: Innalillahi. Anti, a kwandon shara?

Anti Sakatariya: To me? Ai bai taɓa cinye mini komai ba.

Mai Gyara: Anti, don girman Allah yau ɗin nan ki buɗe sabuwar folda ki kwashe su. Ba ke kaɗai ba ce, na sha ganin haka, kuma ƙarshensa ba daɗi. Kwandon yana da iyakar girma. In ya cika, tsofaffin ciki yake fara zubarwa don sababbi su sami wuri, kuma ba ya shawara da ke. A Windows 10 da 11 akwai wani saiti mai suna Storage Sense, in yana kunne yakan share duk abin da ya kwana 30 a kwando, sai dai in an sauya masa adadin kwanakin ko an hana shi. Sannan mu masu gyara, duk wanda aka kawo wa kwamfuta aka ce ta yi nauyi, abin da hannunsa zai fara kaiwa shi ne kwashe kwando. Ba zai kira ki ya tambaya ba, don a saninsa abin da ke cikin shara shara ne.

Malamin Lissafi: Kun ga su biyun nan, Sarki da Anti, kowa ya ja igiyar zuwa nasa ƙarshen. Shi ba ya barin abu ya kwana a kwando, ita kuma ta tare a ciki.

Anti Sakatariya: Malam, ka bar ni da abin da ya dame ni. Na buɗe foldar.

Ɗalibar Ajin Ƙarshe: Don Allah ku yi haƙuri na katse ku, ina ta karantawa gabana yana faɗuwa. Jiya na goge foldar furojet ɗina daga filash, Delete kawai na danna ban taɓa Shift ba, amma na duba kwando babu ita. Babi huɗu ne a ciki. Yaya Injiniya ina ta shiga?

Injiniya: Ƙanwata, cire filash ɗin yanzu ki ajiye, kada ki sake sa komai a ciki, ko fayil ɗaya. A Windows, abin da aka goge daga filash ko katin memori ba ya biyawa ta kwando, kai tsaye yake tafiya. Haka abin da ke kan foldar da ake rabawa ta netwok a ofis, haka kuma fayil ɗin da ya fi ƙarfin kwandon girma. In kin tuna, saƙon da ya fito jiya ya ce gogewa ta dindindin, sai dai yawancinmu ba ma karantawa.

Labari mai daɗi shi ne filash na gama-gari ba ya samun umarnin TRIM, don haka akwai kyakkyawan fata. Ki sauke Recuva a kan kwamfutar, ba a kan filash ɗin ba. Ki sa filash, ki nuna mata shi ta bincika. Abin da ta samo, ki ce ta ajiye a kan kwamfutar. Kada ki yarda ki mayar da shi kan filash ɗin kai tsaye, don wanda aka fara dawowa da shi yana iya hawa kan wanda ba a kai gare shi ba. In ba ta gani ba, PhotoRec ta fi ta naci, tana bin faifan gurbi-gurbi tana gane fayil ta kamanninsa, illa dai ba ta dawo da sunaye, sai kin bi ɗaya-ɗaya kina buɗewa.

Ɗalibar Ajin Ƙarshe: Na sa wasu hotuna uku a ciki da safe kafin in lura 😭

Injiniya: Ba lallai sun hau kansa ba. Ki gwada dai, ki kuma duba imel ɗinki ko kin taɓa tura wa malaminki wani babi.

Ɗan Linux: Abin dariya, a Mac da Linux matsalar filash a juye take. Su suna buɗe ɓoyayyen kwando a kan filash ɗin kansa, a Linux za ka ga folda mai suna kamar .Trash-1000. Sai mutum ya goge fim, filash ya ce har yanzu a cike yake, don bai kwashe kwandon ba alhali filash ɗin yana jone. Ya kuma miƙa wa wani mai Windows, shi ko ya ga foldar ya buɗe ya sha kallo.

Maman Biyu: Na kwashe nawa, giga 31 suka dawo, na gode ƙwarai. Amma hotunan da na goge ɗin wasu suna cikin foldar OneDrive. Suna can a intanet ko?

Injiniya: A'a Hajiya, nan mutane da yawa suke faɗawa. Foldar da ke haɗe da OneDrive ko Google Drive madubi ce, abin da kika goge a nan an goge shi a can, da kan duk wata na'ura da ke haɗe. Sai dai su ma suna da nasu kwandon daban, kuma kwashe na kwamfuta ba ya taɓa shi. Ki shiga OneDrive ta burauza ki duba. Asusun mutum na kansa kwana 30 yake riƙewa, na wurin aiki ko makaranta kwana 93. Google Drive a da yana barin abu a kwando har abada, tun Oktoba 2020 ya koma kwana 30, kuma abin da ke kwandon yana cin sararin asusunki har sai ya fita.

Sarkin Sauri: Na ji duka. Amma har yanzu in zan goge fim mai giga 20 wanda na san zan iya sake saukewa, ba zan tsaya zagaye ba.

Malamin Lissafi: Wannan babu mai musa maka. Abin da ake iya sake samu, a goge shi yadda aka ga dama. Tsoron da ake ji shi ne yatsa ba ya bambance fim da takardar gado in ya riga ya saba.

Sarkin Sauri: Nawa yana bambancewa.

Auta: Allah ya sa, Sarki. Zauren nan dai ba ya mantuwa.

Baba Mai Ritaya: Injiniya, saura tawa. Ina da tsohuwar laftof zan ba jikana, akwai takardun fansho da na asibiti a ciki. In duk gogewar nan ba gogewa ba ce, yaya zan yi? Wani ya ce in yi mata fomat.

Injiniya: Baba, fomat iri biyu ne. Mai sauri rajistar kawai yake sabuntawa, kayan suna nan. Cikakken fomat, tun daga Windows Vista, yana bin faifan yana rubuta sifili a ko'ina. Damuwarku tana kan hanya: a 2003 wasu masu bincike biyu a jami'ar MIT ta Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun sayi tsofaffin faifai 158 na hannu. Cikin 129 da suke aiki, 12 kacal aka share yadda ya kamata, kuma sun tsinci lambobin katin banki sama da 5,000 a sauran.

Mafi sauƙi gare ku, ku kwafe abin da kuke so zuwa wani wuri, sannan a shiga saituna a zaɓi mayar da kwamfutar sabuwa, wato Reset this PC, a ce a cire komai, a kuma kunna zaɓin tsaftace faifai. Zai ɗauki sa'o'i, a bar ta a jone da wuta. Wanda kuma zai ci gaba da amfani da kwamfutarsa mai HDD, yana son dai a murje abin da ya riga ya goge, akwai umarnin cipher /w da ke zuwa tare da Windows, yana bin filin da babu kowa yana rubutu a kai.

Ɗan Linux: Kuma kada wani ya zo ya ce sai an murje sau 35. Wannan adadi daga takardar Peter Gutmann ta 1996 ya fito, domin faifan wancan zamanin. Hukumar NIST ta Amurka, mai tsara ma'aunan fasaha, ta ce a faifan yanzu zagaye ɗaya ya wadatar. Ga SSD kuwa, abin da ya fi shi ne a kulle faifan tun ranar farko da BitLocker na Windows ko FileVault na Mac, masu rikita bayanai yadda sai da mabuɗi za a iya karanta su. In mabuɗin ya tafi, duk abin da ya saura a ciki tarkace ne da ba ya karantuwa.

Baba Mai Ritaya: Madalla. Akwai kuma wata da ta mutu gaba ɗaya, ko kunnuwa ba ta yi. Ita ba ruwana da ita ko?

Mai Gyara: Da ruwanku Baba. Mutuwar laftof ba mutuwar faifai ba ce, sau da yawa allon ciki ne ko wurin caji ya lalace. Ana zare faifan a sa shi cikin ɗan akwati mai USB, ya buɗe a wata kwamfutar kamar filash. Kafin ku rabu da ita, a kwance murfin ƙasa a ciro shi. In kuna son abin da ke ciki, ku sa a juye muku a gabanku. In ba kwa so, HDD a huda shi da dirila wuri uku ko huɗu ta kan farantan. In SSD ce huda ɗaya ba ta isa, sai an bi baƙaƙen ƙwayoyin da ke kan allon an farfasa kowacce.